Littafin shirin IELTS: gwaje-gwajen gida da abin da suka nuna mini

Litinin, 1 ga Satumba

Makarantar da nake nema ta gindaya sharaɗi biyu: in samu jimillar mataki na 7 a IELTS irin ta masu neman karatu, kuma kada ko sashe ɗaya ya gaza 6.5. A nan zan riƙa rubuta yadda shirin yake tafiya, don amfanin kaina da na duk wanda yake kan wannan hanya.

Ga wanda bai san jarrabawar ba, ta gwada ƙwarewa a Turanci ce. British Council da IDP ta ƙasar Ostareliya da Cambridge ne suka mallake ta tare, kuma tun 1989 ake yin ta. Sassanta huɗu ne. Sauraro kamar minti 30 ne, tambayoyi 40, sau ɗaya tak ake kunna muryar. Karatu awa ɗaya, dogayen rubuce-rubuce uku, shi ma tambayoyi 40. Rubutu awa ɗaya, aiki biyu. Sai magana da mai jarrabawa, minti 11 zuwa 14. Kowane sashe ana ba shi mataki daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi, sannan a tara huɗun a raba huɗu.

Na ari littattafan gwaji da Cambridge take fitarwa, kowanne ɗauke da cikakkun gwaje-gwaje huɗu da amsoshinsu a baya. Tsarina: cikakken gwaji kowace Asabar da safe, sauran mako kuma bita.

Asabar, 6 ga Satumba

Gwajin farko, don in san inda nake tsaye. Sauraro 27 cikin 40, karatu 24. Bisa jadawalin da masu jarrabawar suke bayarwa, 23 tana daidai da mataki na 6, 30 tana daidai da 7, 35 kuma 8, kodayake yakan ɗan motsa daga wannan takarda zuwa waccan. Ke nan sauraro yana wajen 6.5, karatu 6. Wanda yake shirin irin ta masu neman aiki ko ƙaura ya kula, nasa ma'aunin karatun daban ne, can 30 mataki na 6 kawai take bayarwa.

Lokaci ne ya ci ni a karatu. Lokacin da agogo ya buga ina tsakiyar rubutu na uku, tambayoyi shida ban ko kalle su ba. Ba a rage maki don amsa ta fita ba daidai ba, saboda haka daga yau babu gurbin da zan bari fayau, ko da cinta ce.

Rubutun na yi, amma babu wanda zai duba mini tukuna. Na ajiye shi.

Talata, 9 ga Satumba

Bitar sauraro. Na buɗe wani shafi na daban inda nake rubuta kowace tambaya da ta kuɓuce da kuma dalilin kuɓucewarta. Da na gama sai na ga abin da ban zata ba: mafi yawansu na ji amsar sarai. Wasu na bar harafin jam'i a ƙarshen kalma, wasu harafi ɗaya ya ɓace a tsakiya, ɗaya kuma na rubuta kalmomi uku alhali umarnin ya ce kada a wuce biyu. Duk waɗannan sifili ne, babu rabin maki. Rubutun Ingila da na Amurka duka ana karɓa, amma sai ya zama daidai da ɗaya daga cikinsu.

Sai tarkon da suka ƙware a kai. Mai magana ya faɗi rana ko lamba, ka yi sauri ka rubuta, sai ya ce a'a, ya tuna, an ɗaga zuwa wata ranar. Amsar ita ce ta biyun. A kashi na farko, inda mutum biyu suke hirar yau da kullum kamar neman ɗaki ko cike takardar rajista, kusan kowane gwaji yana da irin wannan.

Alhamis, 11 ga Satumba

Lambobi da haruffa kawai. Sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, a bakin Bature sai ka kasa kunne ga inda ya danna muryar kafin ka raba su. Sunayen wasula ma suna rikita ni idan ana jero haruffan sunan titi da sauri.

Asabar, 13 ga Satumba

Sauraro 29, karatu 26. Na gwada raba awar daidai, minti 20 ga kowane rubutu. Bai yi ba, don na ukun yakan fi nauyi. Mako mai zuwa zan gwada 15, 20, 25.

Laraba, 17 ga Satumba

Yau na zauna da nau'in tambayar da ya fi cin makina, wanda ake ba ka jimla a ce ka zaɓi gaskiya ce, ƙarya ce, ko ba a faɗa ba. Gaskiya ba ta ba ni wahala. Rikicin yana tsakanin biyun ƙarshe.

Misali na kaina: a ce rubutun ya ce wani masani ya wallafa bincikensa bayan ya dawo daga doguwar tafiya. Jimlar tambaya ta ce tafiyar ce ta sa ya yi binciken. Hankali zai ce maka ai haka ne, me zai hana? Amma rubutun bai ce haka ba, jerin lokaci kawai ya bayar. Amsar ita ce ba a faɗa ba. Da jimlar ta ce ya wallafa kafin ya tafi, wannan ƙarya ce, don ta ci karo da rubutun kai tsaye. Ƙa'idar da na tsaya a kai: ba na zaɓar ƙarya sai na iya ɗora yatsa a kan layin da ya ƙaryata jimlar. Abin da na sani daga waje ba ya shiga ciki ko kaɗan, kuma na lura batutuwan da na fi sani su ne na fi faɗuwa a kansu, don ilimina yana cike gurbin da marubucin ya bari.

Ƙananan kalmomi ne suke juya amsa: duka, wasu, galibi, kaɗai, koyaushe. Rubutu ya ce wasu, tambaya ta ce duka, shi ke nan an canza magana. Abu mai daɗi guda shi ne irin waɗannan tambayoyin suna bin jerin rubutun, idan amsar ta biyu tana sakin layi na uku, ta ukun tana gaba da nan. Masu cewa wane sakin layi ne ya ƙunshi kaza su ne ba sa bin jeri, don haka sai in bar su ƙarshe, lokacin da na riga na san rubutun.

Asabar, 20 ga Satumba

Sauraro 30, karatu 29. Sabon rabon lokaci ya yi aiki, na kai tambaya ta 40 da sauran minti biyu.

Litinin, 22 ga Satumba

Na samu malama mai koyar da Turanci wadda ta saba shirya ɗalibai don wannan jarrabawa. Mun daidaita za ta riƙa duba mini rubutu biyu a mako, ina biyanta a kan kowane rubutu. Bayan kuɗin rajista wannan ne zai fi cin kuɗi a duk shirin, amma sauraro da karatu ne kawai mutum zai iya yi wa kansa maki, don amsoshinsu suna bayan littafi. Rubutu da magana sai da idon wani.

Kafin in same ta na gwada manhajojin da suke yi wa rubutu maki nan take. Insha'i ɗaya na saka wa guda biyu, ɗaya ta ce 7.5, ɗaya ta ce 6. Na sake saka wa ta farkon shi ɗin dai, ban canza ko waƙafi ba, ta ce 7. Suna da amfani wajen kamo kuren nahawu, amma lambar da suke bayarwa ba abin ɗora lissafi a kai ba ce.

Alhamis, 25 ga Satumba

Malama ta dawo da rubuce-rubucen da na tara. Aiki na farko 5.5, aiki na biyu 6. Na ɗauka ina wajen 7, don haka yau jikina a sanyaye yake.

Ta buɗe mini ma'aunin da masu duba takardu suke amfani da shi, wanda yake a fili a shafin jarrabawar, kowa zai iya saukewa. Abu huɗu ake dubawa, kowanne kashi ɗaya cikin huɗu na makin: cika abin da aka tambaya, tsari da haɗin magana, yalwar kalmomi, sai nahawu. Aiki na biyu kuma nauyinsa ninki biyu ne na na farko, shi ya sa ake ba da shawarar minti 20 ga na farko mai kalmomi aƙalla 150, minti 40 ga na biyu mai aƙalla 250.

A aiki na farko, inda ake ba da jadawali ko zane ko taswira a ce ka bayyana, na kwashe kowace lamba na jera ta bi da bi. Ta ce, “Ka ba ni duk lambobin, amma ba ka faɗa mini abin da ya faru ba.” Abin da ake nema shi ne jimla biyu ko uku da suke ba da hoton gaba ɗaya: me ya hau, me ya sauka, wanne ya fi girma, ina aka sami sauyi mafi muhimmanci. Babu wannan, ma'aunin da kansa ba ya barin mutum ya kai 7 a wannan ɓangare, komai kyan Turancinsa. Kuma ba a son ra'ayi ko dalilin da ba ya cikin zanen.

A insha'in kuwa, wato aiki na biyu, matsalar daban ce. Tambayar tana da rassa biyu, a tattauna ra'ayoyi biyu sannan mutum ya faɗi nasa. Na zuba ƙarfina kan reshe ɗaya, na biyun na ba shi layi uku, ra'ayina kuma bai fito ba sai a jimlar ƙarshe. Sannan kowace jimla na buɗe ta da kalmar haɗi, irin su bugu da ƙari, haka nan, a ɗaya ɓangaren. Na ce mata, “Malama, ai an ce ana son su.” Ta ce ana son magana ta haɗu ne, idan kowace jimla sai an ɗaure ta da igiya to alama ce ba ta haɗu da kanta ba. Manyan kalmomin da na haddace daga wani jeri su ma ta ja musu layi, kusan rabinsu ba a wurinsu na ajiye su ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Ban yi cikakken gwaji ba. Na sake rubuta aikin farko guda biyu da ta gyara, na aika mata.

Wannan canjin tsari ne, kuma da gangan. Gwaji awo ne kawai, yawan ɗora buhu a kan sikeli kuma ba ya ƙara masa nauyi. Makin da ya hau a makonnin baya duk daga ranakun bita ya fito, Asabar ta nuna shi ne kawai. Ga shi kuma gwaje-gwaje na asali ba su da yawa, wanda ka yi sau ɗaya ya ƙone, don ko bayan wata guda za ka tuna amsoshin. Daga yanzu cikakken gwaji sai bayan mako biyu-biyu.

Talata, 30 ga Satumba

Kashi na uku da na huɗu na sauraro. Na ukun hirar ɗalibai ce da malaminsu, wani lokaci har mutum huɗu, duk zaɓuɓɓukan ana ambatarsu, sai ka bi ka ji wanne suka tsaya a kai. Na huɗun lacca ce, tambayoyi goma a jere babu hutun kirki a tsakiya. Idan ɗaya ta wuce ka, bar ta, in ka tsaya nemanta biyu za su bi ta.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Na ɗauko wani gwajin karatu na kyauta daga intanet don in adana na littafi. Na samu 21, gabana ya faɗi. Da na bi amsoshin sai na tarar wasu ba su da tushe a cikin rubutun kwata-kwata, wata tambayar ma amsa biyu za su iya shiga. Na nuna wa Malama, ta tabbatar. Wanda ya rubuta shi ya kwaikwayi siffar jarrabawar ne bai san yadda ake gina tambayar ba. Na daina taɓa duk gwajin da bai fito daga masu jarrabawar ba.

Tun da na fara wannan bincike kuma saƙonni suke shigo mini daga masu cewa suna da tambayoyin da za su fito, ko za su iya ɗaga maki a cikin na'ura in an biya su. Makarantu suna tantance sakamako kai tsaye daga masu jarrabawar, wanda aka kama da maguɗi kuma ana soke sakamakonsa, a iya hana shi sake zama na wani lokaci. Ina goge su ba tare da na amsa ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Magana. Ni da wani abokin karatu muna yi wa juna ta kiran bidiyo, ɗaya ya zama mai jarrabawa, muna naɗar murya. Kashi na biyu ne mai wuya: a ba ka kati da batu, minti ɗaya ka yi tunani ka ɗan rubuta, sannan ka yi magana har zuwa minti biyu kai kaɗai. Da na saurari kaina, kafin minti ɗaya da kwata na ƙare, sai maimaici. Na ga dalili. Ina amsa ɗigogin katin ɗaya bayan ɗaya kamar mai cike fom. Idan na mai da shi labari, da wanda ya faru da shi da abin da ya biyo baya da yadda na ji, minti biyun ba ya ma isa.

Lafazi kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin magana, kuma ba a neman mutum ya koma Bature, ana neman a fahimce shi ba da wahala ba. Abin da naɗin ya nuna shi ne tsohuwar matsalarmu ta p da f, sai harafin ƙarshen kalma da nake haɗiyewa, wanda sau da yawa shi ne alamar jam'i ko ta aikin da ya wuce. Ke nan kuren lafazi yana iya zama kuren nahawu a kunnen mai jarrabawa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Cikakken gwaji a kwamfuta, don a kwamfuta zan yi jarrabawar. Na bi sharuɗɗan zaure: sauraro, karatu, rubutu a jere babu tashi, kusan awa biyu da minti 40, waya a kashe a wani ɗaki. Sauraro 28, karatu 27. Duka sun sauka.

Na yi ta tunanin dalili. A gwajin takarda da na saba yi akwai minti 10 a ƙarshen sauraro don kwafe amsoshi, a nan nake gyara haruffa. A kwamfuta minti 2 ne kawai na dubawa, don amsar kana buga ta ne kana saurare. Yatsuna ba su kai kunnena sauri ba. A karatu kuma na saba ja wa kalmomi layi da fensir, a allo sai ka zaɓi kalmar ka haskaka ta, kuma idona yana ɓacewa idan na gangara ƙasa na dawo. Sannan gajiya: a gwaje-gwajen baya nakan ɗan miƙe tsakanin sassa, yau da na isa rubutu kaina ya yi nauyi. Saboda haka makin yau shi ne na gaskiya, na baya akwai rangwame a cikinsu.

Kwamfutar tana da nata alheri. Tana ƙirga kalmomi da kanta, agogo yana saman allo, ana iya ɗauke sakin layi a mayar wani wuri ba tare da gogewa ba, sakamako kuma cikin 'yan kwanaki yake fitowa maimakon kwana 13 na takarda. Ba ta gyara haruffa, don haka na kashe mai gyaran haruffa a tawa.

Na sayi abin sauraro mai rufe kunne irin wanda ake sawa a zaure. Na ƙara minti 15 na koyon bugun rubutu kowace rana.

Laraba, 15 ga Oktoba

Bugun rubutu, taswirori biyu, lacca ɗaya.

Litinin, 20 ga Oktoba

Insha'i ya dawo da 6.5, aikin farko 6.5. Abin da ya canza: minti biyar na farko ba na rubuta komai sai tsari, ra'ayina yana fitowa tun a gabatarwa, kowane sakin layi magana ɗaya da misali ɗaya. Na rage tsawon ma, daga kusan kalmomi 350 zuwa wajen 280, na samu lokacin dubawa. Malama ta ce abin da ya tsaya tsakanina da 7 yanzu nahawu ne, don matakin yana son jimloli marasa kure su yawaita, ni kuwa ƙananan kalmomin da ake sawa gaban suna a Turanci har yanzu suna zille mini, kusan kowace jimla ta uku.

Asabar, 25 ga Oktoba

Kwamfuta, sharuɗɗan zaure. Sauraro 33, karatu 31.

Na yi lissafi. A ce sauraro 7.5, karatu 7, magana 6.5, rubutu 6.5, jimilla 27.5, a raba huɗu 6.875, ana ɗaga ta zuwa 7. Ƙa'idar ita ce abin da ya ƙare da .25 ya hau zuwa rabi, abin da ya ƙare da .75 ya hau zuwa cikakken mataki na gaba. Ko rubutu ya faɗo 6 jimillar za ta zama 6.75, ta koma 7, amma sharaɗi na biyu ya karye. Don haka duk maganar ta dawo kan rubutu, kuma 6.5 ɗin da nake da ita ra'ayin mutum ɗaya ne a kan aikin mako ɗaya.

Talata, 28 ga Oktoba

Na yi rajista, ranar Asabar 22 ga Nuwamba. Da fasfo na yi, shi kuma zan riƙe ranar, don dole shaidar da aka yi rajista da ita ce za a nuna a ƙofa. Ranar magana za su sanar, tana iya faɗowa rana ɗaya da sauran ko 'yan kwanaki kafin ko bayan.

Kafin in biya na tambaya ko cibiyar tana ba da damar sake sashe ɗaya. Tsari ne da aka shigo da shi ga masu yi a kwamfuta, mutum ya sake sashe guda cikin kwana 60 maimakon jarrabawar duka. Sun ce suna yi. Na rubuta wa makarantar ina tambaya ko suna karɓar irin wannan sakamako, don ba kowace ce take karɓa ba, ina jiran amsa. Akwai kuma neman a sake duba maki cikin mako shida, ana biya, in makin ya hau a mayar da kuɗin. Na ware wani abu a gefe don ɗaya daga cikin biyun.

Tsarin makonnin da suka rage: insha'i uku a mako maimakon biyu, ɗaya daga ciki zan kai wa wani malamin daban don in ji ra'ayi na biyu. Cikakkun gwaje-gwajen da ban taɓa ba zan yi su ranar 8 da 15 ga Nuwamba, da safe, daidai lokacin da aka ba ni na jarrabawar. Magana da abokina Talata da Juma'a, kashi na uku musamman, inda ake barin labarin kai a koma tambayoyin ra'ayi. Gobe zane mai matakai, irin na yadda ake sarrafa abu a masana'anta, shi ne nau'in aikin farko da ban gwada ba tukuna.